Darɓa ta ƙi jin magani a gonar melokoton, mu ƙara ƙarfin feshin ne?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu dan kar in amsa abinda ba'a tambayeni ba. Kace kana aiki a wata gona a yankin Lleida ta ƙasar Sifen, gonar melokoton (ɗan itacen da ake ce ma peach da Turanci) da ɗan'uwansa nektarin, mai gonar ya tsufa yanzu kusan komai ya sakar maka, kuma tun farkon Afrilu ganyen sabon toho ya fara nannaɗewa, kun fesa deltametrin, bayan kwana goma kuka sake da asetamifirid, amma har yau in ka buɗe ganyen ƙwarin na nan a raye cunkus. Kana tambaya ko ku ninka maganin ko ku haɗa biyun a tanki ɗaya.

Kar ku ninka, kar kuma ku haɗa. Wallahi asarar kuɗi ce kawai, ga saɓa doka, ga kuma ragowar magani da zai iya fita a jikin 'ya'yan in an gwada a wajen masu saye a dawo muku da kaya. Amma bari in maka bayanin dalili dan in ka gane yadda ƙwaron nan yake rayuwa kai da kanka zaka san inda aka kuskure.

Kafin komai ka tabbatar darɓa ce. Nasan kace ka ga ƙwarin da idonka, to amma a gonar melokoton abu biyu ne ke murɗe ganye a lokaci ɗaya kuma sau da yawa suna haɗuwa a bishiya ɗaya. Akwai wata cutar funfuna, Taphrina deformans, mutanen nan suna ce mata abolladura ko lepra, ita ganyen kumbura yake yi yayi kauri yayi ja-ja kamar wanda wuta ta ƙona ya tashi bororo, in ka buɗe ba ƙwaro a ciki kuma ba danƙo. Wannan ko ka juye mata jarkar maganin ƙwari ba abinda zai sameta, maganinta na funfuna ne irin mai jan ƙarfe kuma lokacinsa tun ganye na zuba da kuma kafin toho ya buɗe. Ita kuwa darɓa ganyen baya kauri, nannaɗewa yake yi ya dunƙule, hannunka yayi danƙo, ka ga tururuwa na hawa da sauka a reshe, ka ga fararen ɓawon da suka saɓule a ciki. In haka ka gani to pulgón verde ne, koriyar darɓar melokoton, a littafi Myzus persicae. 'Yar'uwar wadda muka sani ce a gyaɗa da wake a gida, amma ba ita bace.

Abinda yawancin ma'aikata basu sani ba shine wannan darɓar da kake gani a Afrilu tun Oktoba ko Nuwamba ta shigo gonarku. A ƙarshen kaka masu fiffike ke dawowa kan melokoton daga ciyayi da gonakin kayan lambu, a lokacin ne kaɗai a shekara ake samun namiji, suyi barbara, macen ta ajiye ƙwai ƙanana baƙaƙe masu sheƙi a gindin idon toho. Ƙwan ya kwana a nan duk sanyin hunturu. Wajen Fabrairu in toho ya fara kumbura sai ya ƙyanƙyashe, kuma duk abinda ya fito mace ce, bata buƙatar namiji, bata ma yin ƙwai, haihuwa take yi kai tsaye, kuma 'yar da ta haifa an haifeta ne da nata 'ya'yan sun riga sun fara ƙulluwa a cikinta. In yanayi yayi ɗumi kwana 10 ko ma ƙasa da haka ya isheta ta girma ta fara nata haihuwar. To ka lissafa, uwa ɗaya da ta tsira a Fabrairu nawa zata zama zuwa tsakiyar Afrilu. Shi yasa nake cewa duk wanda ya jira sai ya ga ganye ya nannaɗe sannan ya ɗauko injin feshi to ihu bayan hari yake yi. Ganyen da ya dunƙule ɗaki ne ta gina ma kanta, shi kuma deltametrin maganin taɓawa ne, baya shiga cikin jikin bishiya, sai ya sauka a kan ƙwaron sannan ya kashe. Kun wanke bayan ganye, ita tana ciki.

Wannan dalili na ɗaya kenan. Na biyun shi ya fi damuna, kuma shine gaskiyar yankin da kake. Wannan darɓar na cikin ƙwarin da suka fi kowane gagarar magani a duniya, kuma ba hanya ɗaya take bi ba. Akwai waɗanda jikinsu ke sarrafa wani sinadari da yawa da ke kama gubar ya lalata ta kafin tayi aiki, wannan ya kashe kaifin tsofaffin magunguna dangin organofosfet. Akwai waɗanda wurin da firimikab ke bugu a jikinsu ya canza, maganin ya daina kamawa. Akwai canjin da ake kira kdr wanda ya sa dangin firetiroid, wato su deltametrin, sifametrin, lamda-sihalotirin, suka koma kamar ruwa a wajensu. Sannan a 2009 aka samo wata a gonar melokoton a kudancin Faransa mai wani canji da masana suka sa ma suna R81T, wanda ya sa dangin neonikotinoyid ma suka rage kamata, daga baya aka same shi a arewa maso gabashin Sifen da kuma arewacin Italiya, duk a gonakin melokoton. Kataloniya, yankin da Lleida take, na ciki. Asetamifirid ɗin da kuka fesa na biyu ɗan wannan dangin ne. Kaga kenan abu ne mai yiwuwa magani biyun da kuka zaɓa sune daidai biyun da darɓar yankinku ta fi sabawa dasu.

Kuma ba banza ba ne abin ya fi tsanani a melokoton. A nan ne take barbara, to in uwa na ɗauke da juriyar magani kaza uba na ɗauke da na wani, cikin 'ya'yan sai a samu mai ɗauke da duka biyun. Kai kuma duk feshin da kayi da maganin da bai kashe su duka ba, tankaɗe kake yi, ka zubar da raunanan ka bar ma gagararrun gonar su kaɗai su hayayyafa. Ninka ma'auni baya gyara wannan, dan in makullin ya canza ko ka danna tsohon ɗan makulli da ƙarfi ba zai buɗe ba.

Dan haka ka koyi duba lamba ba suna ba. Kamfanoni suna da yawa, sunayen kwalba sun fi a ƙirga, zaka ga kwalba uku suna daban-daban launi daban-daban amma sinadarin ciki ɗaya ne ko kuma 'yan gida ɗaya ne. Akwai tsarin da IRAC, kwamitin da ke bibiyar yadda ƙwari ke gagarar magani, ya fitar, an raba magungunan ƙwari rukuni-rukuni gwargwadon inda suke bugu a jikin ƙwaro. Firimikab 1A ne, organofosfet 1B, firetiroid 3A, neonikotinoyid 4A, fulonikamid 29, sifirotetiramat 23. In ance a canza magani ana nufin a canza lambar nan. Wanda ya bar deltametrin ya koma lamda bai canza komai ba. Haka su 4C da 4D, duk da an ware musu harafi, wuri ɗaya suke bugu da 4A, dan haka ni bana son a jera su a bayan juna.

Kuma a Turai zaɓin ya ragu sosai, in wani tsohon ma'aikaci ya baka shawarar maganin da ya sani shekara goma baya ka bincika tukuna. Tarayyar Turai ta hana amfani da imidakulofirid, tiyametokzam da kulotiyanidin a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma. Dimetowet ya fita a 2019, kulofirifos da tiyakulofirid a 2020. Sulfokzafulo an maida shi na cikin rumfar gilashi kaɗai a 2022. Shi kansa sifirotetiramat, wanda aka fi sani da Movento, da shine abin dogaro bayan fure ya zuba dan yana bin ruwan bishiya sama da ƙasa ya isa har cikin ganyen da ya nannaɗe, izininsa a Tarayyar ya ƙare a 2024. In akwai tsofaffin jarkoki a sito kar ka taɓa sai ka nuna ma tekniko, wato malamin gona. Ku a Kataloniya ai kuna da ƙungiyoyin ADV na kare amfanin gona, galibin masu gonaki suna cikin ɗaya ko suna da tekniko na kofaratiba, aikinsa kenan, shine ke da jerin abinda aka yarda dashi a wannan shekarar. Kar kaji nauyin kiransa dan kai baƙo ne, kai ne kake cikin gonar kullum, abinda ka gani shi bai gani ba.

Yanzu abinda zaka yi a wannan satin. Ka ɗauki safiya ɗaya ka zaga gonar da ƙafa ba a kan tarakta ba. Ka zaɓi bishiyoyi warwatse, bakin gona da tsakiya, ka duba toho 100 ka ƙirga nawa ne ke da darɓa mai rai, mai rai fa, dan ganyen da ya riga ya murɗe ba zai miƙe ba ko ƙwaron ya mutu, mutane da yawa suna sake feshi akan ganyen da babu kowa a ciki. A ƙa'idar noman haɗin gwiwa ta yankin Emiliya-Romanya a Italiya, ma'aunin da suke bi shine toho 3 cikin 100 ga nektarin, shi kuma melokoton 3 kafin fure, 10 bayan fure. An fi tsananta ma nektarin ne saboda fatarsa sumul take ba gashi, darɓar na iya tsotsar ɗan itacen kansa tun yana ƙarami ya tashi a karkace da tabo, ba mai saye. Ka tambayi tekniko ɗinku wane ma'auni suke bi a nan, amma zai baka hasken cewa ba ganin ƙwaro ɗaya ke sa a tada injin ba. Zaka kuma lura darɓa bata kama gona bai ɗaya, gungu-gungu take yi, bishiya biyar a nan goma a can. Ka ɗaura musu ƙyalle ko ka shafa fenti. Sau da yawa waɗannan kaɗai za'a yi ma magani a bar sauran.

In kana buɗe ganyen ka duba su waye kuma a ciki banda ita. Wannan ɓangaren ne nafi so mutane su riƙe. Akwai mariquita, ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, kowa ya san babban amma ɗansa ba'a saninsa, dogo ne baƙi-baƙi da ɗigon ruwan goro kamar ƙaramin kada, na sha ganin ma'aikata suna murtsuke shi da yatsa suna zaton shine mai ɓarnar, alhali yini yake yana cin darɓa. Akwai wata tsutsa mai laushi mara ƙafa, koriya ko ruwan ƙasa, 'yar wani ƙuda ne mai kama da zuma da ke tsayawa cak a iska, ita ma cinsu take. Akwai kuma wata rina ƙarama ƙwarai da ke huda darɓar ta saka ƙwai a cikinta, sai ka ga darɓar ta kumbura ta bushe ta koma ruwan zinari kamar ƙwayar gero a manne da ganye, wata ma da ɗan rami zagayayye a bayanta inda rinar ta fita. In ka ga waɗannan da yawa to sojojinka sun iso. Abin takaicin shine deltametrin ɗin da kuka fara dashi su yake kashewa, dan su a waje suke yawo, ita kuma tana ɓoye. Kuma ka sa ido a watan Yuni da Yuli, bayan feshin firetiroid sau da yawa araña roja, jan gizo-gizon nan ƙanana, ke ɓarkewa dan an kashe masu cinsa. An gudu ba'a tsira ba.

In ƙirgen ya nuna lallai sai anyi magani, to a nemi wanda ke ratsa ganye kuma daga wani rukuni daban, kuma abinda aka fi kamawa yanzu a irin wannan hali shine fulonikamid, wanda ake sayarwa da sunan Teppeki da wasu sunayen, in ba'a riga an cinye adadin feshin da takardarsa ta yarda ba a shekara. Amma ka san halinsa dan kar kace shima baya aiki: baya zubar dasu nan take. Bakinsu yake ɗaurewa, cikin ɗan lokaci su daina tsotsa, sai su zauna a ganyen suna motsi har yunwa ta kashe su bayan wasu kwanaki. Mai gona da ya saba ganin ƙwari sun zube washegari sai ya ɗauka an cuceshi ya sake feshi. Ka bashi kwana biyar zuwa sati kafin ka yanke hukunci, ka duba ko danƙon ya ragu ko an daina ganin sabbin jarirai. Kuma a jiƙa bishiyar da kyau, a duba bakin feshin ko ya toshe ko ya cinye, tarakta ta rage gudu, kar a fesa da iska ko da tsakar rana. Sau da yawa abinda ake ɗora ma magani laifin injin ne da gaggawar direba.

Sabulun fotasiyom da man darbejiya, wato azadiraktin, suna da amfaninsu, musamman sabulun wajen wanke danƙon nan kafin baƙar funfuna ta hau kai ta ɓata 'ya'yan, amma suma sai sun taɓa ƙwaron ko kuma tun yana ƙarami, ba zasu ceci gonar da ta riga ta dunƙule ba. Reshen da ya lalace sosai a ƙananan bishiyoyi ka yanke da almakashi ka fitar dashi daga gonar. Ka kuma duba takin da kuke bi ta ruwan ɗigo, in nitirojin yayi yawa toho yayi ta fita laushi-laushi to abinci kuke dafa mata. Tururuwa ma ba 'yan kallo bane, kiwon darɓar suke dan ruwan zaƙin da take fitarwa, suna korar masu cinta, a ƙananan gonaki ana ɗaura abin danƙo a gindin bishiya dan hana su hawa.

Abu ɗaya da zai kwantar maka da hankali, ba zata zauna har girbi ba. Daga Mayu zuwa Yuni in zafi ya shigo ganye ya fara tauri zaka ga masu fiffike sun yawaita, tashi suke su koma kan dankali, tattasai, kabeji da ciyayi. In ka buɗe ganye ka ga yawanci masu fiffike ne ko masu shirin yinsa, ga kuma masu cinsu, to feshi a lokacin kusan kuɗin banza ne a manyan bishiyoyi. Ƙananan da ake ginawa, 'yan shekara ɗaya ko biyu, su ne ba'a sakaci dasu, dan in kan reshe ya murɗe siffar bishiyar ce ta lalace.

Aikin gaske na baɗi ne, ka rubuta shi tun yanzu. A Janairu ka duba rassan bara da madubin ƙara girma, musamman a bishiyoyin da ka ɗaura ma ƙyalle bana. In toho ya fara kumbura a fesa man farafin, shi ba guba bane toshe numfashi yake yi, dan haka babu zancen sabawa dashi, sai dai a kiyaye kar a fesa ana tsoron ƙanƙara da dare kuma kar a kusanta shi da feshin farar wuta, yana ƙona bishiya. Sannan feshin da ya fi kowanne muhimmanci a shekara shine na lokacin da kan furen ya fara nuna ruwan hoda amma bai buɗe ba, iyayen farkon sun gama ƙyanƙyashewa, suna fili tsirara ba ganyen ɓuya, ba su da yawa, masu cinsu ma basu fito ba tukuna. Feshi ɗaya mai kyau a nan ya fi uku a Afrilu. Da zarar fure ya buɗe, irin lokacin nan da 'yan yawon buɗe ido ke cika garin Aitona na yankin Lleida suna ɗaukar hoto a Maris, a ajiye maganin ƙwari gaba ɗaya sai furen ya zube, saboda zuma. Ko ciyawar da ke tsakanin layuka in tana fure a yanke ta kafin feshi.

Akwai kuma sharka, dole in ambace ta dan darɓa ce ke yaɗa ta. Cutar bairos ce ta dangin itatuwan nan masu ƙwallo, melokoton, mishmish, siruwela, an fara ganinta a Bulgeriya tun wajen 1917, ta shigo Sifen a 1984. Alamarta zobe-zobe ne ɗorawa-ɗorawa a ganye da jikin 'ya'yan, a mishmish har a jikin ƙwallon. Mu da muka taso da labarin 1975, shekarar da cutar rozet da darɓa ta yaɗa ta cinye kusan hekta dubu 700 na gyaɗa a Najeriya, mun san abinda ƙaramin ƙwaro zai iya. Amma sharka feshi baya tareta yadda mutane ke zato, dan darɓar da ke wucewa ma, wadda bata zama a bishiyar, in ta ɗanɗana ganye na 'yan daƙiƙoƙi ta ɗauka, ta sauka a ta gaba ta zuba, kafin magani ya kasheta ta gama aikin. Bishiyar da ta kamu bata warkewa, tumɓukewa ake. Amurka ta ganta a Fensilbeniya a 1999, sai 2019 suka sanar sun rabu da ita, kuma da tumɓuke gonaki suka yi ba da feshi ba. In ka ga irin wannan zoben ka ɗau hoto ka tura ma tekniko ran nan, kar a ɓoye.

Sai maganar jikinka, dan naga kace kai ke haɗa tankin. A Sifen doka ta 2012 ta wajabta ma duk mai feshi a gona ya mallaki carné, wato katin shaida na mai amfani da magungunan nan, in baka dashi ka nemi mai gonar ya turaka kwas ɗin, haƙƙinka ne kuma zai amfaneka ko ka canza wajen aiki. Lokacin zuba maganin a tanki ya fi lokacin feshin haɗari dan a nan yake da kauri, safar hannu ta roba mai kauri, tabarau, takunkumi mai matata ba na kyalle ba. Kayan feshi kar su shiga wanki ɗaya da kayan sallarka ko na yara. Sannan 'yan'uwanmu masu aclareo, masu rage 'ya'ya da hannu, yanzu ne lokacinsu, hannunsu da fuskarsu cikin ganye suke yini, kar a turasu layin da aka fesa sai lokacin da takardar kwalbar ta faɗa ya cika, kai ne a tsakani yanzu, kai zaka faɗa ma mai gonar. In wani ya fara jiri ko amai ko ganinsa ya dushe bayan feshi a kira lambar gaggawa 112 a tafi asibiti da kwalbar, kar a tsaya bashi madara.

Ka turo min hoton gaba da bayan kwalaben nan biyu, da ranakun da kuka fesa, da lita nawa na ruwa kuka zuba a hekta, ka kuma duba littafin gonar ka gaya min ko anyi wani feshi kafin fure bana, dan ina zargin ba'ayi ba.